Awon Ruwan Sama da Tef ɗin Baba

Da ƙarfe bakwai da minti goma na safe, wata Talata cikin watan Yuli, kwalbar awo ta suɓuce daga hannun Baba ta fashe a kan siminti. Ba na gida. Na san lokacin ne domin ya rubuta shi a littafina kamar yadda na koya masa, sai dai bai rubuta cewa kwalbar ta fashe ba. Umma ce ta gaya mini, bayan sadakar bakwai.

Shekara biyu kafin nan wata malama mai binciken yanayi ta zo makarantarmu tana neman masu taimako. Ba albashi, ba takardar shaida. Za a ba mutum gwangwani mai mazurari ya kafa a tsakar gida, kullum da safe ya juye ruwan saman da ya taru cikin wata siririyar kwalba mai zane-zanen milimita, ya rubuta abin da ya gani. Ta ce da irin waɗannan littattafai ake gane yadda damina ke sauyawa, a shawarci manoman dankali. Ban ɗaga hannu a aji ba. Sai da kowa ya watse na bi ta har bakin mota.

Aikin ya dace da ni, domin ba ya bukatar magana da kowa. Baba tela ne, shagonsa na jikin gidanmu a Anguwan Rogo, kuma kullum sai ya leƙo ya tsokane ni.

"Malamar ruwa, yau nawa Allah ya ba mu?"

Da aka tura ni koyon koyarwa wani ƙauye mai nisa na wata biyu, a tsakiyar damina, na rasa wanda zan bar wa. Shi ya ce in kawo.

"Ni da na auna kafaɗar rabin unguwar nan, ruwan gwangwani ne zai gagare ni?"

Ashe hannunsa na dama ya riga ya fara rawa, yana ɓoyewa. Da kwalbar ta fashe ya hana Umma ta sanar da ni, wai kada hankalina ya rabu. Ya ɗauko tef ɗinsa na ɗinki, kullum ya tsoma cikin gwangwanin ya duba inda ya jiƙe. Sati shida yana haka, har safiyar da ya faɗi a shago. Na iso an riga an kai shi makwancinsa.

Na daɗe ban buɗe littafin ba. Ranar da na buɗe na ga rubutunsa yana ƙara karkacewa shafi bayan shafi, amma babu ranar da ya tsallake. Inda ba a yi ruwa ba ya sa "babu". Sauran, tun daga waccan Talatar, duk inci ne: ɗaya da rabi, biyu, ɗaya da kwata. Na kai wa Umma tana tsince shinkafa.

"Ai da tef ya yi," ta ce. "Kuma kin san babanki. Yakan ce iska ta kwashe wani, wani ya fantsama, sai ya ɗan ƙara. Kin taɓa ganin ya yanka wa yaro riga bai bar masa wurin girma ba?"

"Kullum yake ƙarawa, Umma?"

"Ran da ya ga dama dai."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, na rufe littafin.

A ƙarshen Oktoba ake miƙa littattafai. Na hau keke napep zuwa ofishin malamar, littafin cikin leda a ƙarƙashin hijabina. Ta yi mini gaisuwa, ta ce ita ma nata mahaifin a damina ya tafi. Tana buɗe shafukan ta tsaya.

"Wannan ba hannunki ba ne."

Na gaya mata batun kwalba da tef. Ta auna bakin gwangwanin a zuci, ta ce faɗinsa ɗaya da mazurarin, don haka ba damuwa, inci ana iya mayar da shi milimita. Har ta jawo biro.

Da na yi shiru, da shi ke nan. Aikin Baba na ƙarshe zai shiga cikin na sauran mutane, ba wanda zai taɓa sani. Na dubi lambobin, na tuna shekara biyu ina durƙusawa domin idona ya yi daidai da saman ruwa kafin in rubuta ko ɗigo. Sai na ɗago kai.

"Malama, yakan ƙara. Ban san ranakun ba, ban san nawa ba."

Ta ajiye biron. Na ga kamar na kai ƙarar Baba ne, shi kuwa ba ya nan balle ya kare kansa. Na tambaye ta ko za a yage shafukan.

Ta koma farkon rubutunsa, ta bi ranakun da yatsa ɗaya bayan ɗaya har inda ya tsaya, ba ta yi sauri ba.

"Yawan ruwan da ya auna da tef ba zan iya ɗauka ba, 'yata, ko guda. Amma ranar da aka yi ruwa da ranar da ba a yi ba, wannan bai ƙara komai a kai ba, kuma muna bukatarsa. Zan shigar da su duka. Shafukan kuwa ba mai yagewa. In na kwafe, ki zo ki karɓi littafinki ki kai wa mamanki."