Daren da Kaka Ta-Dungu Ta Ga Duniya

A gidanmu na Matameye, in an idar da sallar isha lokacin ɗari, ba a neman yaro a rasa inda yake. Duk muna ƙofar ɗakin Kaka. Sunanta na yanka Hauwa, amma ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba. Ta-Dungu ake ce mata, don daga Dungu aka kawo ta amarya. Takan tara karan gero da 'yan itatuwa ta hura wuta, ta binne dankali cikin toka, ta zauna bisa kujerarta 'yar tsugunne ta miƙe ƙafafu. Mu kuwa mu zagaye ta, kowa da guntun rake a hannu. Ba ta buɗe baki sai an yi tsit, sannan ta ce, "Ga wata baƙuwa nan a ƙofa." Mu amsa baki ɗaya, "A shigo da ita, a ba ta tabarma."

Ni ta fi tsokana, don ni ne babban jikanta namiji. "Maigidan," take ce mini, "yau ma ba cefane, sai kunnuwa ka kawo mini?"

A shekarar da nake ba da labari, gidan namu ba lafiya. Babana da ƙanensa Baffa Idi, uwa ɗaya uba ɗaya, sun daina magana. Bayan rasuwar kakanmu namiji aka raba musu garkar rake, sai rijiya ta faɗo daidai kan iyaka, kowa ya ce a ɓangarensa take. Magana ta yi zafi har aka kafa dangar zana ta ratsa tsakar gida. Dangar ta zo ta ƙare daidai ƙofar ɗakin Kaka, don ba wanda ya isa ya ce ga ɓangaren da take. Saboda haka wutarta ce kaɗai wurin da nake haɗuwa da Rabi, 'yar Baffa, wadda muka tashi tare kamar tagwaye.

Ana cikin haka wani faifan fim ya shigo gari. Sale mai bidiyo ne ya samo shi daga Kano. Shi Sale yana da zaure kusa da tasha inda yake kunna gurup, wato injin wuta, ya nuna finafinan faɗa da na waƙe-waƙe. Wannan kuwa daban yake. Wasu mutane ne cikin wani jirgi da ya fi kasuwar garinmu girma, suka bar duniya, suka wuce wata, suka shiga cikin taurari. Mace ce ke tuƙi. A cikin jirgin ba a tafiya da ƙafa, sai dai mutum ya yi ta yawo a iska kamar gashin kaza. In aka zuba ruwa ba ya zuba, sai ya dunƙule ya yi ta lilo, mutum ya bi shi ya cafke da baki. Sun ratsa ruwan duwatsu, sun sauka wata ƙasa da tsaunukanta ke haske kamar garwashi, sun rasa ɗaya daga cikinsu a can, sannan suka juyo gida da jirgi rabi a ƙone.

Harshen da suke yi ba Faransanci ba ne, ko mushenmu, wato malaminmu na boko a lakwal, bai gane duka ba. Kowa sai ya yi wa kansa fassara, kuma kowa ya rantse tasa ce daidai.

Ban taɓa ganin abin da ya kama gari kamar wannan fim ba. 'Yan kabu-kabu suka riƙa kwantawa bisa babur suna kukan jirgin da baki. Wani tela ya ɗinka farar riga haɗe da wando mai aljihu ko'ina, samari suka yi masa layi. Mai shayin bakin tasha ya sa wa shayinsa mai kauri suna man jirgi. Mu yara muka kwashe bokitan iyayenmu muka kifa a ka, muna ɗaga ƙafa a hankali kamar masu tafiya cikin tafki, muna numfashi da ƙarfi. Dattawa ma a gindin bishiya sun ɗauka. Wasu suka ce duk dabarar madubi ce. Malaminmu na allo bai hana mu kallo ba. Cewa ya yi, in ma gaskiya ne, duk wannan tafiyar ba su fita daga sama ta farko ba, sai mu yi tunanin girman Wanda ya yi bakwai. Ranar na kwana ina jin kaina yana juyawa.

Sai dai faifan yana da ciwo. Ya karce wajen ƙarshe. Daidai lokacin da matuƙiyar ta leƙa taga ta hango wani ɗan ƙwallo shuɗi can cikin baƙin duhu, sai hoton ya tsaya cak. Sale ya goge shi da riga, ya huhhura, ya wanke da sabulu, a banza. Kullum a nan yake tsayawa, zaure ya kaure da ihu. Gari ya rabu biyu, masu cewa sun iso da masu cewa sun halaka. Har dambe an yi a kan haka a bayan lakwal.

A kwanakin nan mun watsar da Kaka. Dankalinta ya riƙa ƙonewa cikin toka ba mai tonowa. Wata yamma ina shirin sulalewa ta kira ni.

"Maigidan, zo nan. Wace ce ta ƙwace mini kai?"

Na tsuguna na kwashe labarin duka na faɗa mata, ina yi ina nunawa da hannu. Wannan ne karo na farko da na ba ta labari tana saurare. Ba ta yi dariya ba. Tambayoyi ta yi ta jefo mini.

"To in ruwa ba ya zuba, da me suke alwala?"

Na ce ban sani ba.

"Ita mai tuƙin, wa ta bar wa 'ya'yanta?"

Wannan ma ban sani ba. Ta juya garwashi da kara, can ta ce, "A kawo mini in gani da idona."

Washegari ta aika wa Baba ya je ya ɗauko Sale da kayansa. Ta aika wa Baffa, shi kuma ya kawo man gurup. Ba wanda ya san an aiki ɗayan. Ta sa aka ɗora tele, akwatin kallon, bisa turmi a ƙofar ɗakinta, inda duk wanda ke kowane ɓangare zai iya gani. Bayan isha matan gida da na maƙwabta suka cika wurin, don yawancinsu ba sa zuwa zauren Sale, labari kawai suke ji. Baba ya shimfiɗa buzunsa ta dama, Baffa ya ajiye kujerarsa ta hagu. Ba su gaisa ba, amma ba wanda ya tashi.

Mata suka yi ta salati. Da ruwan ya dunƙule a iska, wata maƙwabciyarmu ta rufe ido ta ce aikin aljanu ne. Kaka kuwa ko motsi ba ta yi ba, goron da ke hannunta ma ta manta da shi. Har aka zo inda hoton ke tsayawa. Sale ya miƙe zai kashe, yana ba da haƙuri.

"Bar shi, ɗan nan," in ji Kaka.

Ta dafa kafaɗata ta tashi, muka matsa har gaban tele. Hasken shuɗin ya kwanta a fuskarta.

"Wannan ɗan ƙwallon mene ne?"

"Duniya ce, Kaka."

"Wace duniyar?"

"Tamu. Wadda muke ciki."

Ta dube ni ta ga ba wasa nake ba. "Har da Matameye?"

"Har da ita."

"Har da Dungu? Har da Makka?"

"Duka suna ciki."

Ta daɗe tana kallo. Gurup na ta ƙara a waje, amma a tsakar gidan ko tari ba ka ji. Can ta ce a hankali, "Subhanallahi. Ashe duk a cikin wannan ɗan abu muke ta hayaniya." Ta juya ta shige ɗaki.

Daren da ya biyo ba wanda ya je tasha. Muka cika gaban wuta tun kafin ta fito. Da baƙuwa ta shigo aka ba ta tabarma, sai muka lura Kaka ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce wai akwai wata yarinya da ubanta da ƙanen ubanta ke rigima a kan wata kurna da ta tsiro a iyakar gonakinsu. Yarinyar ta gaji da jin faɗa, sai ta shuka ƙwayar duma a gindin kurnar. Duma ya yi ta yaɗo, ya wuce reshe, ya wuce gajimare. Ta ce bari ta hau, ai daga sama an fi ganin iyaka, ta gano musu mai gaskiya. Ta yi ta hawa. Ta wuce tauraruwa Zara, ta wuce Kaza da 'ya'yanta suna tsattsagar haske, har ta isa gidan wata tsohuwa mai sheƙar taurari a faifai, manya ta ajiye, ƙananan ta watsa.

Tsohuwa ta ji abin da ya kawo ta, ta ce, "To leƙa ki nuna mini kurnar."

Yarinya ta leƙa. Ba kurna, ba gona, ba gari. Duniyar gaba ɗaya kamar ƙwayar tsakiyar wuya guda da ta faɗa cikin toka. Sai ta fashe da kuka, ba don kurnar ba, don ta nemi uwarta ta rasa inda za ta duba.

Tsohuwa ta ce, "Zauna a nan, jikata. Nan ba a faɗa."

Yarinya ta kasa kunne. Lallai ba faɗa. Amma ba ƙarar taɓarya, ba carar zakara, ba mai kiran sunanta. Ta ce, "Iya, na gode, gida za ni." Ta kamo duma ta yi ta sauka. Da ta diro, ta tarar da mutane biyu suna ratsa karan gona suna ƙwala mata kira, muryoyinsu duk sun dushe. Ɗaya na riƙe da fitila yana haska wa ɗayan hanya. Ubanta ne da ƙanensa.

Rabi ta kasa haƙuri. "Kaka, to kurnar ta wa ce?"

"Ta awaki. Suna can suna nema, awaki suka tsince 'ya'yan tas."

Muka kwashe da dariya. Ni kuma na ce, "Mutanen jirgin fa? Sun iso?"

"Sun iso mana, maigidan. Kana tsammanin mace za ta hango inda ta bar 'ya'yanta, ta tsaya a hanya?" Ta kakkaɓe zanenta. "Baƙuwa ta tashi, a naɗe tabarma."

Muna tonon dankali na ji an yi gyaran murya a bayan danga ta ɓangarenmu. Jim kaɗan na ji motsin kujera ta ɓangaren su Rabi.

Ba zan ce da gari ya waye Baba da Baffa sun rungumi juna ba, don ba haka aka yi ba. Manya ba sa saukowa da sauri. Amma bayan wasu makwanni, na kai wa Baba fura garka, na tarar da shi yana jan ruwa yana zubawa a kwalbatin da ke gangarawa cikin raken Baffa. Baffa na kwance gida da zazzaɓi a lokacin. Baba ya gan ni, ya ce in ajiye furar in daina tsayuwa kamar gunki. Da iskar ruwan farko ta zo ta kayar da dangar tsakar gida, kwana da kwanaki tana kwance ba wanda ya tayar da ita, har mata suka gaji suka yi makamashi da ita.

Kaka ta rasu ina karatu a Damagaram. Daga baya na sami fim ɗin cikakke a waya na kalli ƙarshensa. Sun iso ɗin kuwa, aka yi ta tafi da kiɗa. Na ji daɗi, amma bai taɓa ni kamar tsayayyen hoton nan ba.

Da ina yaro, abin da na ɗauka daga tatsuniyar shi ne duniya ƙarama ce, ba abin da ya isa a yi faɗa a kansa. Yanzu da na girma na ga rijiya ba ƙaramin abu ba ce ga mai rake, kuma Kaka ta fi kowa sanin haka. Wurin da nake yawan komawa shi ne inda yarinyar ta kasa kunne a gidan tsohuwa, ta sami zaman lafiyar da ba kowa a ciki, ta ce ba ta so. Ta zaɓi ta koma cikin masu hayaniya, don a cikinsu ne ake kiran sunanta.

Baffa Idi ya rasu shekarun baya, Baba ne ya yi masa wanka da hannunsa. Bara Allah ya nufa na raka Baba aikin Hajji. Bai taɓa shiga jirgin sama ba, na bar masa kujerar taga. Da muka tashi ya manna goshi da gilashi, yana kallon gidaje suna ƙanƙancewa, hanyoyi suna zama zare, gonaki suna haɗewa da juna har ba ka iya cewa ga ta wane. Leɓɓansa na ta motsi da tasbihi. Har gajimare ya rufe ƙasa bai ɗago ba.

Na taɓa shi na ce, "Baba, lafiya?"

Ya share ido da gefen haraminsa, bai juyo ba.

"Da Idi na da rai," ya ce, "da shi zan bar wa tagar nan."