Ƙasan Ganyen Bado

Masu feshin shinkafa sun mai da tabkinmu na Gummi wurin wanke tulun magani, kuma ban yafe ba.

Jiya na juya ganyen bado, ban tarar da komai ba. Sai na tuna marigayi kawuna, masunci. Yakan aje filafilin tuƙi in mun kai tsakiyar ruwa, kwalekwale na ƙarnin kifi, ya ce, "Ɗiyata, juya mu gani, wa ke gida?" Ga ƙwai mai yauƙi, ga 'yan katantanwa. Karatuna na farko ke nan, tun kafin yaƙi da jahilci. Yakan ce, "Ranar da ganye ya zama kango, kifi ya kusa ƙarewa."

Allah Ya haskaka kabarinsa. Da safe na ari kwalekwale, na ɗora masu feshin, na ce, "Ku juya ganyen da hannunku."