Bijimin da Ya Kauce

A Guri na tashi, a hannun kakata Falmata mai bandar kifi. Da an sallame isha'i muke kewaye wutar banda, hayaƙi na cin idanunmu, ita tana juya tarwaɗa.

"Wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da kan kifi," haka take buɗe tatsuniya.

Akwai guda da na tsana. Wai sarkin dinya ya yi sheƙa a fadama, sai ga bijimi yana kiwo yana matsowa. Sarki ya kafa masa ido, yana ta masifa. Bijimi ya kauce gefe, ya nufi sheƙa. Ashe maharbi ne laɓe a bayansa, ya riga ya ɗana kibiya. Dole sarki ya tashi ya ceci ransa, bijimi ya tattake ƙwai.

"To Kaka, me ya hana shi korar bijimin?"

"Da kibiya a wuyansa? Kai dai ci kifinka."

Haushi ya sa na daina zama idan ta ɗauko ta.

Yanzu ina koyarwa a Haɗeja, kuma a darar Turawa, mai sarki da dawaki, babu mai ja da ni a majalisarmu. 'Yata Hauwa ta koya a waya. Ta dame ni in sa hannu a takardar makaranta, ta je gasar dara a Dutse. Ni kuwa ba na son tafiyar, don ba ta taɓa kwana nesa da gida ba. Don in kashe maganar na ce sai in ta cinye ni.

Muka zauna ranar Asabar, har da 'yan kallo. Ta turo doki gaban sarkina, na bi shi da ido ina lissafi. Dokin ya yi tsalle gefe ya cinye sarauniyata. Na miƙa hannu zan rama.

"Baba, duba sarkinka."

Sarauniyarta ce a bayan dokin tun ɗazu, hanya ta buɗe mata zuwa kan sarkina. Dole na gudu da sarki, wasa ya watse.

Abin da ya fi ci mini rai, an gaya mini wannan tun ina ɗan shekara bakwai, na tsaya gardama. Kuma ba a kan allo kaɗai ba: na zura wa tsorona ido, ban lura yarinyar ta girma ba.

Ta ajiye takardar a kan allon, har ta cire wa biro murfi. Na sa hannu.