Yadda Bu Warsiti Ta Zama Gwanar Tarbiyya

Shekara talatin da ɗaya Bu Warsiti ta yi tana suyar ayaba da tempe, wato wainar waken soya, a bakin kasuwar Salatiga, kuma a gaban kaskon nan ta raini 'ya'yanta biyar, in dai abin da ta yi ya kai a kira shi raino. Yaro ya fito da riga a baibai, sai ta ce ya tafi a haka, in abokai sun yi masa dariya zai gane. Mai jin yunwa ya san inda tukunyar shinkafa take. Ranar da babbarsu, Ningsih, ta tambayi abin da ke sa ayaba baƙi, sai ta miƙa mata nunannu uku, ta ce ta zauna ta kalle su har su gaya mata. Kwana huɗu yarinyar na gadin ayaba. Uwar mijin Warsiti har ta rasu tana cewa ko agwagwa ta fi Warsiti kula da 'ya'ya.

Ningsih ta yi karatun koyarwa a Semarang, ta dawo ta buɗe makarantar da yara ke zaɓar aikinsu da kansu, malama na gefe tana kallo. Masu motoci suka yi ta kawo 'ya'yansu. Ta riƙa gaya musu wurin mahaifiyarta ta gaji wannan hikima, har suka nace sai tsohuwar ta zo ta yi jawabi.

Aka ɗaura mata sabon zane, aka ba ta lasifika. Wata likita ta tambaye ta yadda aka yi ta yarda da basirar yara tun zamanin da ba a san abin ba.

"Wace basira, 'yar nan? Mai na wuta, hannuna biyu. Ke da sai ki bar ayaba ta ƙone saboda maɓallin riga?"

Aka yi ta tafi, wasu har da rubutawa. Ningsih kamar ta nutse don kunya.

Da Bu Warsiti ta ajiye suya, hannuwa suka samu sarari, sai ta juya kan jikanta Wisnu, ɗan shekara huɗu. Ita ke goya shi zuwa makarantar, in aiki ya gagare shi ta ƙarasa masa. Ningsih ta ce tana ɓata mata ɗa a gaban iyayen yara, ta hana ta shiga aji. Sai Bu Warsiti ta kai kujerarta bayan taga. A nan take wuni tana raɗa masa amsa, wadda yawanci ba daidai ba ce.