Alamar Ƙaryar da Na Zana a Farcen Yara

Bayan sallama ga edita da masu karatu, da roƙon Allah Ya sanya wannan rubutu ya zama kaffara gare ni, zan fara da bayyana ko wane ne ni a lokacin da al'amarin ya faru. Ni limami ne a wani ƙauye da ke tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Na gaji limancin daga mahaifina, kuma a lokacin na haura shekara sittin. Ƙuruciyata a zaurukan malamai na ƙarar da ita, na samu fiƙihu da nahawu da luga gwargwadon abin da Allah Ya hore mini, amma abin da aka fi sanina da shi shi ne kyawun hannu. Littattafai da dama na kwafa da alƙalamin kara, tawadata kuwa ni nake haɗa abata da ƙaron da nake ɓamɓarowa a itatuwan gonata. A garinmu ba a raba gado, ba a sasanta rikicin iyakar gona sai ina wurin, kuma idan na ce abu fari ne ba wanda zai sake ɗaga shi ya duba. Na daɗe ina jin daɗin wannan matsayi ba tare da na auna nauyinsa ba.

Wata shekara, a ƙarshen sanyi, sanarwa ta iso ta hannun mai unguwa cewa za a yi wa yara allurar rigakafin ƙyanda, cutar da iyayenmu ke kira baƙon dauro, kuma wannan karon babu zaɓi. Duk magidancin da ya hana ɗansa za a kai sunansa gaba, har ana raɗe-raɗin ba za a karɓi yaro a makaranta ba sai da shaida. Nan da nan siyasa ta shiga ciki. Mutanen masu mulki suna cewa gata ne ake yi wa talaka, 'yan adawa suna tambayar yadda asibitin da babu ko ƙwayar zazzaɓi a cikinsa ya samu allurar da ake bayarwa kyauta har da barazana. Ni ban taɓa cewa allurar haramun ce ba, ban kuma yarda da masu cewa tana hana haihuwa ba, domin babu wanda ya kawo mini hujja a kan haka. Tilas ɗin ne ya tsaya mini a wuya. Abin da na riƙe shi ne neman magani halal ne amma bai kai wajibi ba, uba ne waliyyin ɗansa, kuma hukuma ba ta da ikon wajabta abin da shari'a ta bar wa mutum zaɓi a kansa.

Ina da abokin karatu a Maigatari, wanda muka yi shekaru muna gurfana gaban malami ɗaya. Ranar kasuwa na je wurinsa na shimfiɗa masa hujjojina, ina jiran ya gyaɗa kai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce karatun nan daidai ne amma na ɗora shi a inda ba muhallinsa ba. Ya ce ciwon da ya tsaya a jikin mai shi daban, ciwon da ke tsallake katanga daban, kuma wanda ya bar ɗansa ba rigakafi tamkar wanda ya ajiye garwashi ne a gindin rumbun maƙwabcinsa, shugaba kuwa yana da ikon cewa a kashe garwashin. Ya ƙara da zolayata cewa tun muna samari ya san gara in rasa rawanina da in rasa gardama. Na ce masa shan shayi da ma'aikata ya yi masa yawa, har fatawarsa ta fara ƙamshin ofis. Muka yi dariya, ya raka ni bakin hanya. Kafin in hau mota na ratsa cikin kasuwa na sayi ƙullin galura, irin wadda ake rina zare da ita, domin tun a zaurensa dabarar ta faɗo mini.

Yadda ake aikin shi ne, ana yin allurar a harabar makarantar firamare, duk yaron da aka yi wa sai a shafa masa tawada mai ruwan shuni a farcen ƙaramin yatsansa na hagu. Bayan kwana biyu masu dubawa su bi gida-gida suna kallon yatsu. Magidanta suka yi ta zuwa zaurena neman shawara. A cikinsu akwai maƙwabcina, manomin kayan lambu, mutum mai ƙarancin magana, yana riƙe da hannun ɗansa ɗan shekara huɗu. Ya durƙusa ya ce Allah Ya gafarta Malam, shi bai san komai ba, idan na ce a kai yaron yanzu zai kai shi, idan na ce a bari ya bari. Na ce ya bari. Na dama galurar nan da lalle da ƙaro har launin ya fito daidai da na ma'aikata, na ɗauki alƙalamina, na zana alamar a farcen yara goma sha bakwai, da hantsi, ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa iyayen idan an tambaya su ce a Gagarawa Tasha aka yi musu. Zuciyata kuwa na lallashe ta da cewa wanda aka tilasta yana da uzuri. Masu dubawa suka zo ƙarƙashin wata ma'aikaciyar lafiya daga Gumel, mace mai kimanin shekarun babbar 'yata. Na ga ta riƙe yatsan wani yaro ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta dube ni, ta rusuna ta gaishe ni, ta rubuta cewa garinmu ya kammala.

Da bazara ta kama, baƙon ya sauka. Zazzaɓi, tari, idanu su yi ja, sannan ƙuraje su feso daga bayan kunne su gangara jiki. Aka riƙa kirana gidaje in yi addu'a, kuma a nan na fara ganin abin da har yau in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. Zan shiga babban gida inda yara biyar ke cin tuwo a kwano ɗaya suna kwana a tabarma ɗaya, in tarar biyu a kwance, uku suna wasa a tsakar gida, kuma biyun nan su ne waɗanda suka zauna a gabana ranar da na dama galura. Gida na biyu haka, na uku haka. Har ta kai idan aka ce in zo gidan wane, tun ina hanya na san sunan yaron da zan tarar. Cutar da ba ta da ido ba ta da kunne tana bin sahuna tana zaɓe, kamar an miƙa mata takarda. Na karanta babin ƙaddara da sababi, na karantar da shi shekara da shekaru, amma ban taɓa ganinsa yana tafiya a ƙasa a gabana ba sai a wannan bazarar.

A cikin haka mai unguwa ya same ni bayan la'asar da labarin cewa an turo ma'aikata da allurar gaggawa, amma ba ta da yawa, don haka sun nufi ƙauyukan wajen Sule Tankarkar inda aka san an bar yara da dama. Mu da aka rubuta mun kammala, mu ne a ƙarshen layi. Ya ce shi abin da ke ɗaure masa kai, ta yaya yaran da aka yi wa allura suke kwanciya haka. Na ce Allah ne Masani. A lokacin yara takwas daga cikin goma sha bakwai ba su kamu ba tukuna, kuma ni kaɗai ne maganata za ta iya juyo da motar ma'aikatan. Na yi shiru kwana huɗu. Na sani sarai cewa kunyar mutane ce ta riƙe ni, kuma waɗannan kwanaki huɗu sun fi zana alamar muni a wurina, domin ranar da na zana ina ganin ina kan daidai, a kwanakin shirun kuwa na riga na sani.

A rana ta biyar da safe ɗan maƙwabcina, wanda ke cikin waɗanda suka kwanta, ya rasu, ciwon ya sauka masa a ƙirji. Uban ya kasa taɓa gawar, ya roƙe ni in yi mata wanka. Ina cikin wankan na ɗago hannun hagu, sai ga alamata a farcen, ta ɗan matsa gaba saboda farcen ya tofo, amma launinta na nan raɗau. Na zuba ruwa na cuɗa, na sake cuɗawa, ba ta ko dusashe ba, domin na haɗa ta haɗin wanda ya san sana'arsa. Da ita muka sa shi a likkafani. Na yi masa salla, kuma daga maƙabarta ban koma gida ba, bakin hanya na nufa na tari motar Gumel.

Mai adaidaita ya sauke ni a ofishin lafiya da azahar, na nemi ma'aikaciyar nan da ta duba yatsun yara, Allah Ya sa ta dawo ɗaukar kaya. Na faɗa mata komai a tsaye, ban rage ba. Na shirya wa faɗa, na shirya wa 'yan sanda. Sai ta jawo mini kujera ta ce Baba ya zauna. Ta ce tun ranar ta yi shakka, domin su a gurguje suke shafa tawadarsu, ta ɓata farce ta ɓata fata, amma ba ta taɓa ganin alamar da aka zana ta zauna tsaf cikin farce kamar adon littafi ba. Ta ce ta so ta yi magana, sai ta dubi rawanina da furfurata ta ce a ranta wace ce ita da za ta tuhumi limami a garinsa, kuma wannan shirun nata ita ma yana kanta. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ta zargi ba. Ta shiga wurin shugabanta, ta fito da akwatin sanyi a kafaɗa, ta ce mu tafi yanzu, rana ba ta jira.

Da muka iso na shiga masallaci na ɗauki lasifika, na faɗa wa gari da bakina abin da na aikata, na ce duk wanda na zana wa ɗansa alama ya fito da shi. Amma tsoro ya riga ya shiga mutane, suna zaton sunaye za a ɗauka a kai gaba. Wasu suka rantse an yi wa 'ya'yansu, wasu suka tura su gidajen dangi a cikin gari, ni kuma cikin ruɗewa sunaye suka cakuɗe mini. Sai matar ta ce a tara duk yaran gari a inuwar makaranta, kowa ya miƙo hannun hagu. A nan na ga ikon Allah ƙarara. Tawadar ma'aikata ta gaskiya ta goge tun makonni da suka wuce, faratan waɗanda aka yi wa allura fes suke. Tawa ce kaɗai ta rage, saboda lallen da na zuba don ƙaryar ta yi ƙarko. Cikin ɗan lokaci ta tsamo yara takwas ɗin nan daga cikin taro ba tare da ta tambayi kowa ba. Abin da na ƙulla don a ɓoye su, da shi aka gano su. Na zauna a ƙasa ina tasbihi, hawaye na bin gemuna, ina jin ƙanƙantar dabarar ɗan Adam a gaban Mai juya al'amura.

Aka yi musu allurar a ranar. Uku daga cikinsu sun riga sun ɗauki cutar, amma ta zo musu da sauƙi, biyar ba su kwanta ba. Cikin waɗanda suka kwanta tun farko, wata yarinya ta rasa ido ɗaya. Akwai kuma jaririyar da ba ta kai watannin allura ba, a gidan mutumin da ya kai 'ya'yansa duka tun ranar farko, ta ɗauka daga yaran maƙwabta, da ƙyar ta sha. Da abokina na Maigatari ya zo yi mini jaje bai tuna mini da maganar garwashi ba, ya dai riƙe hannuna ya daɗe. Na roƙi jama'a su naɗa wani limamin, suka ƙi.

Har gobe ina ganin lallashi da bayani sun fi barazana, kuma da hukuma ta fara zama da mutane kafin ta aiko da gargaɗi, da an rage yawan masu irin taurin kaina. Amma na gane cewa jayayyata da hukuma ce, waɗanda suka biya kuwa yara ne da ba su san ana jayayya ba. Don haka ina kira ga duk wanda Allah Ya sa ake jin maganarsa, malami ne ko mai gari ko babban gida: idan kana da ja da wani umarni, ka fito fili ka yi ja da sunanka, ka ɗauki abin da zai biyo baya a kanka. Kada ka yi fatawa a fagen da ba ka karanta ba, ka tambayi masu shi kamar yadda kake son a tambaye ka a naka. Idan kuma ka gane ka yi kuskure, kada ka bari rana ta faɗi ba ka faɗa ba.

Na je na durƙusa a gaban maƙwabcina na nemi gafararsa. Ya ce kwanan yaron ne ya ƙare, ya yafe mini duniya da lahira. Har yau a sahun farko yake tsayawa, a bayana ta dama, bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa ɗaga maganar ba. Sau biyar a yini, duk lokacin da na juya na fuskanci jama'a bayan sallama, fuskarsa nake fara gani.