Kwana Uku da Na Bar Faya-fayan Mijina a Rana

Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. 'Yata ta fari ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara min magana ko ta rage mata ɗaci. A lokacin da abin nan ya faru ni ce shugabar zumuntar mata ta majami'armu a nan Mubi, shekara goma sha wani abu ina kan kujerar. Matan da suka yi boko, masu tabarau da jaka, sai sun jira na buɗe baki kafin a yanke magana. Waƙar da na ji sau ɗaya ta zauna a kaina ke nan. Idan na ɗaura zanen zumunta na kafa ɗankwali na fito, ko 'yan acaɓa rage gudu suke yi. Na faɗi wannan ne don ku san irin matar da ta aikata abin da zan ba ku labari. Ba wawiya ba ce. Da saninta ta yi.

Daga Kwaja aka kawo ni gidan miji. Baban yara direban babbar mota ne, shanu yake ɗauka daga kasuwarmu ya kai kudu, ya yi sati biyu ko uku bai dawo ba. Sauran direbobi atamfa da manja suke kawo wa matansu. Nawa yana kawo manjan, amma abin da yake rungumowa a ƙirji kamar jariri faya-fayan garmaho ne na kiɗan da suke kira rok, wasu na Turawa, wasu na samarin kudu masu tara suma. Sai ya cire batirin mota ya jona wa garmahon, ya goge faifai da wani tsumma mai laushi da ba mai taɓa shi, ya saukar da allura a hankali yana riƙe numfashi. Ran da na fara ji na ɗauka abin ya lalace ne. Na ce masa wannan ai kukan akuya ne da ta maƙale a shinge. Ya ce in ba akuyar sati ɗaya.

To, akuyar ta kama ni. Ban iya karanta sunayensu ba, sai na raɗa musu nawa daga hoton da ke bangon kowane faifai. Akwai Mai Kore, wanda har gobe nake cewa duk cikinsu ba kamarsa wajen ganga. Idan ana jinsa ana sussukar gyaɗa, buhu kan cika ba ka sani ba. Akwai Mai Tsani, wanda shi Baban yara ya fi yabo, ni kuwa na ce surutu ne kawai, mai jitar yana ta nuna mana ya iya, ya manta akwai mutane a ɗakin. Shekara arba'in muna wannan gardama ba wanda ya sauka. Sai kuma Mai Jan Bango. Wannan ba na iya yi masa hukunci, don nawa ne. Waƙa ta biyu a bayansa takan fara a hankali kamar hadari yana haɗowa daga kan duwatsu, mutumin yana rera wani abu da ban san ma'anarsa ba, amma na san wani ya tafi ya bar shi.

A shekarar farko ta aurenmu ya dawo daga tafiya, na yi masa tuwo da miyar yakuwa da gyaɗa, na yi wanka, na zauna. Mutumin nan bai ɗaga murfin kwano ba sai da ya sa Mai Jan Bango. Raina ya ɓaci, na kai wa teburin garmahon duka da ludayi, allura ta ja ƙiii a kan faifan. Na tsaya ina jiran mari. Shi kuwa allurar kawai ya mayar. Da waƙar ta kai wurin sai ta tsaya tana maimaita abu ɗaya, tana maimaitawa, ta ƙi wucewa. Ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Ke da ba ki iya rubutu ba, ga shi kin sa hannu.” Daga ranar ya kafa doka: duk sanda faifan ya maƙale, ba zai tashi ba, ni zan zo in tura allurar da ɗan yatsa. Sai ya ƙwala min kira da sunan da uwata ta sa min a yarenmu, ya ce in zo in gyara ɓarnata. A sauran lokuta Shugaba yake ce min, tun kafin a ba ni shugabancin, don tsokana. Wancan sunan na gida kuwa, bayan rasuwar uwata ba wanda ya rage yana kirana da shi sai shi, kuma sai a wannan wuri na waƙar.

Abu ɗaya ya koya min game da faya-fayan nan, ya maimaita har na gaji da ji: rana ce ajalinsu. A tsaye yake jera su cikin akwatin katako kusa da randa, inda ƙasa ke da sanyi. Shekarar da masu bindiga suka shigo muka gudu muka bar garin, kowa na ɗaukar abin da zai iya, shi sai da ya naɗe su cikin buhu ya zura a tsohuwar randa ya binne a gindin mangwaro. Na zage shi ranar, zagi na gaske. Da muka dawo an kwashe mana komai har ƙyauren ɗaki, amma ya tona ya fito da su lafiya lau, ya nemo wani tsohon garmaho ya saya. Abin da masu bindiga ba su samu ba, ni na samu.

Ciwon mantuwa ya fara masa a hankali. Ya manta hanyar kasuwar shanu, shi da ya san kowane rami daga nan har bakin teku. Ya manta sunayen jikoki, sannan na 'ya'ya. Wata safiya na kawo masa kunu ya karɓa da hannu biyu ya ce ya gode Mama, ya tambaye ni ko matar gidan tana nan. Na koma madafa na zauna a kan turmi. Likita ya ce ba magani, sai haƙuri. Amma hannunsa bai manta tsumma da allura ba. Kullum da rana ta karkata zai zauna a falo ya sa faifai, kuma idan Mai Jan Bango ya kai wurin nan ya maƙale, sai ya ɗaga kai, idonsa ya washe, ya kira sunana. Nakan zo in tura allurar. Yakan riƙe min wuyan hannu har waƙar ta ƙare, wani lokaci ma ya tambaye ni ko an yi ruwa a Kwaja. Minti kaɗan ne. Su ke nan abin da ya rage min na mijina a kowace rana, kuma na san da haka sarai.

Sai aka sa babban taron zumuntar mata na gundumarmu a majami'armu, kwana uku, cikin tsakiyar zafin bazara. Matar babban fasto za ta zo daga nesa, ana neman gidan da za a sauke ta. Na yi tsaye na yi zaune sai da aka ce gidana. A wurin shirin ne wata mata daga Vimtim, wadda ta daɗe tana hangen kujerata, ta ce cikin murmushi Allah ya sa dai baƙuwa ta iya barcin rana, don ta ji an ce gidan Shugaba da yamma kamar gidan giya yake. Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na mayar mata da amsa mai zafi, amma maganar ta bi ni har gida. Na tsaya a falo ina kallon bangayen faya-fayan nan, maza da suma har kafaɗa, wani ma ƙirji a buɗe, na ga yadda idon baƙuwa zai gan su. Abin da na yi shekara arba'in ina rawa da shi a tsakar gida, rana ɗaya ya zama min abin kunya.

Safiyar da za su iso na kai Baban yara ɗakin ciki na zaunar. Na tura garmahon ƙarƙashin gado. Akwatin faya-fayan ya ƙi shiga, ga ɗakuna duk an shimfiɗa wa baƙi tabarmi, kuma na san idan yana cikin gida zai lalubo shi. Sai na kwashe su na kwantar cikin babban daro, na rufe da baƙar leda, na taka turmi na ɗora a kan kwanon rufin ɗakin kaji, can baya inda ba mai gani. Na ce wa kaina da yamma zan sauke.

Ban sauke ba. Ba zan ce muku na manta ba, don 'yata ta so ta rubuta haka na hana ta. Rana ta biyu da tsakar rana muna zaune a falo, baƙuwa tana yaba girkina, tana cewa da kowace majami'a na da uwa irina da aiki ya yi sauƙi. Na ji kwanon rufi yana ƙas-ƙas saboda zafi, na tuna da daron. Na tuna sarai. Tashi kawai zan yi in zaga baya. Amma sai an tambaye ni ina zan je, wata ta biyo ni ta taya ni, ta ga abin da ke ciki. Na gyara zama na ƙara wa baƙuwa zoɓo. Da yamma ya fito yana jan ƙafa, tsumman nan a hannunsa, yana leƙa bayan kujeru, yana duba gefen randa. Ya tsaya a gaban baƙuwa ya ce, “Mama, don Allah ba ki ga kayana ba?” Na yi dariya na ce musu makullin mota yake nema, har yanzu yana ganin akwai shanu da ke jiransa. Suka yi dariya suna cewa Allah sarki Baba. Na kama hannunsa na mayar da shi ciki na ja ƙofa.

Da motarsu ta tashi rana ta uku, ko ɗankwali ban cire ba na taka turmi. Ledar ta yi zafin da ba ta taɓuwa. Faya-fayan sun lanƙwashe kamar ganyen kabewa da ya sha rana, wasu sun manne da juna. Mai Jan Bango ne a sama. Na ɗora shi a garmaho duk da haka, allura ta hau tudu ta gangara ta zame gefe. Yana zaune yana kallo. Ya karɓa ya goge da tsumma, ya ɗora, ta zame. Ya sake gogewa. Har rana ta faɗi yana gogewa, bai yi fushi ba, bai tambayi wanda ya yi ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

'Yata ta zo daga wurin aikinta ta ce in daina kuka, yanzu ba waƙar da babu a waya. Ta karanta sunan a bango, kafin in tashi in zauna ta samo ta, ta jona da lasifika. Ita ce kuwa, tas, ta fi ta garmahon fita. Ya ɗaga kai. Na matso kusa. Waƙar ta hau, ta hau, ta kai wurin, na ga leɓensa ya buɗe. Sai ta wuce abinta sumul. Ta waya ba ta maƙalewa, ba wanda ya taɓa dukanta da ludayi. Ya ɗan jira da baki a buɗe, sannan ya sunkuyar da kai. Muka gwada tsayar da ita a wurin, muka gwada mayar da ita baya da yatsa. Na gasa faifan a rana na danne da dutsen niƙa ko zai miƙe, ya tsage biyu. Wata bakwai ya ƙara a duniya, ina yi masa wanka ina ba shi abinci a baki, yana ce min ya gode Mama. Bai sake kiran sunana ba.

Bayan shekara na haɗu da baƙuwar nan a wani taro. Na je da fara'ata na gaishe ta. Ta riƙe hannuna da kyau ta ce, “Sannu Mama, daga wace majami'a?”

Na ajiye shugabancin a wannan watan, ba wanda na gaya wa dalili sai yau. Ban rubuto don in ce kiɗan rok abu ne mai kyau ko marar kyau ba, kowa da kunnensa, kuma har yanzu ina nan a kan bakata cewa Mai Tsani surutu ne. Ku mata 'yan'uwana nake wa magana, musamman masu riƙe da kujera, da duk mai jinyar tsoho a gida. Idan kun ga ya rungumi wani abu, tsumma ne, tsohuwar hula ce, waƙa ce da ba ta dace da falonku ba, ku bar masa. Ba ku san abin da ke ɗaure a jikin abin ba, wataƙila ku ne. Baƙo zai ci ya yaba ya hau mota. Kada ku kawar da abin da mutumin gida yake rayuwa da shi don idon wanda zai kwana uku.

Waƙar tana nan a wayar da 'yata ta saya min, ta nuna min inda zan danna. Nakan sa ta da rana ta karkata. Idan ta kusa wurin sai in ga ɗan yatsana ya miƙe da kansa, ita kuwa ta wuce, ba ta jira kowa ba.