Ƙwallon Dabino a Cikin Guzuri

Duk lokacin da ƙamshin soyayyar gyaɗa ya haɗu da na dabino a kicin ɗina, sai in ji kamar an ɗauke ni an mayar tsakar gidanmu na Zaitawa, ina 'yar firamare, zaune a gefen tabarmar Inna. Inna kakata ce ta wajen uba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. Kakanninta daga Gadamas suka zo da ayarin raƙuma, suka zauna a Kano suna fatauci. Larabcin ya gudu ya bar ta, sai ɗan na addu'a, amma girkin bai je ko'ina ba.

Babanmu fataucin yadi yake yi, kuma in ya tafi yakan daɗe. Duk ranar jajiberin tafiyarsa, da an idar da sallar magariba Inna za ta sa a hura mata gawayi. Ba ta yarda wani ya yi wa ɗanta guzuri, ko Ummanmu iyakarta tsintar gyaɗa. Sai ta soya alkama a kasko har ta yi ja, a ɓarza mata a turmi, ta murje gyaɗa, ta zuba riɗi, ta cuɗa da dabino da zuma da man shanu. Ta danne haɗin a faranti da bayan ludayi, ta rufe, garwashi a ƙasa garwashi a sama. Abin ba shi da wani suna a gidanmu, guzuri kawai muke ce masa.

Ni da yayana Bashir mu ne masu cire ƙwallayen dabino. Shi Bashir ɗaya a kwano, ɗaya a baki.

"Angona," in ji Inna, "in ka cinye dabinon, uban naka da me zai tafi? Da tsakuwa?"

"Ɗanɗanawa nake, Inna, kar a ba Baba mai tsutsa."

"Allah ya biya malamin ɗanɗano. Sauke hannunka."

Amma kafin ta rufe farantin, kullum sai ta zaɓi dabino guda da ƙwallonsa, ta cusa shi can cikin haɗin, ta shafe wurin yadda ko ita ba za ta sake gane shi ba. Ranar da na fara lura na ce, "Inna, kin manta ba a cire wannan ba."

"Ban manta ba, Takwara. Matso kusa."

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffin unguwa suke yi. Cewa take, "Ga ta can tafe a kan raƙumi." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta durƙusa mu sauke ta!"

Wai an yi wata mata mai ɗa guda, saurayi mai gaggawa, komai nasa a tsaye. Ya matsa sai ya bi ayari ya ƙetare hamada. Ta hana, ta yi kuka, bai hanu ba. Da ta ga tafiya ta tabbata sai ta haɗa masa guzuri cike da jakar fata, amma ba ta cire ƙwallayen dabinon ba. A zangon farko, a bakin wata rijiya, ya gatsa da ƙarfi, haƙorinsa na gaba ya ɓantare. Ya tofar da ƙwallon yana mita, wai tsohuwar nan ko guzuri ba ta iya ba. Haka ya yi ta yi, duk rijiyar da suka sauka sai ya ci, ya yi tsaki, ya tofar. Ya isa garin da za shi, kasuwa ta karɓe shi, ya yi aure, ya manta da gida.

Nan Inna takan tsaya ta ɗaga murfin ta leƙa, ta gyara garwashi a hankali kamar ba ita ta bar mu a tsakiyar hamada ba.

"Inna, sai aka yi yaya?"

"Ku bari in ga guzurin mutane, kar ya ƙone."

Sai da furfura ta fara fito masa, wata rana ya ji ƙamshin soyayyar alkama daga wani gida, zuciyarsa ta karye. Ya ɗaura wa raƙumi sirdi. To amma madugun da ya san hanya ya rasu, iska kuma ta shafe sawu. Ya yi ta bulayi har ruwansa ya kusa ƙarewa. Yana shirin kwanciya ya jira ajali, sai ya hango bishiyar dabino guda tsaye ita kaɗai, a gindinta ga rijiya. Ya sha, ya ci gaba, can ya hango wata. Ashe ƙwallayen da ya yi ta tofarwa ne suka tsiro. Su ya bi, ɗaya bayan ɗaya, har ƙofar gidansu.

"Ya same ta da rai?" Ni ce mai wannan tambayar kullum, ko da na san amsar.

"Ya same ta, amma idonta ya tafi. Ya yi sallama, ba ta gane muryar ba. Ta shafa fuskarsa, ta ji gemu, ta ce ita ɗanta ba shi da gemu. Sai yatsanta ya taɓa ɓantararren haƙorin nan. Ta ce, 'Ai kuwa kai ne. Guzurina ya dawo mini da kai.'" Daga nan Inna ta tafa hannu. "Raƙumi ya miƙe, ta hau ta tafi. Ku tashi, ga ladan can."

Baba yakan shigo daidai lokacin da ake yayyanka guzurin. Ya durƙusa gabanta, ta ɗora masa hannu a ka ta yi addu'a. Wata rana ya ce, "Inna, kin san saboda ƙwallon nan naki ban taɓa cin guzurin nan da sauri ba? Kowane yanka sai na lallaɓa shi."

"Shi ya sa yake kai ka," ta ce.

A lokacin darasin da na ɗauka ke nan: a ci abinci a hankali. Inna ta rasu ina sakandare, Allah ya jiƙanta da rahama, guzuri kuma ya bi ta.

Bara 'yata Rumaisa ta samu gurbin karatun likita a Alƙahira. Babanta ya amince, ni kuwa zuciyata ta ƙi. Ba mu yi faɗa ba, gara ma a ce mun yi. Gaisuwa ce ta koma gajera. "Ina kwana, Umma." "Lafiya lau." Yarinyar da take bina kicin tana zuba mini surutu ta koma cin abinci a ɗaki. Tsorona ba jirgi ba ne, ba kuma baƙuwar ƙasa ba. Tsorona ta tafi da wannan shirun, ya zauna mata, ta saba da shi.

Jajiberin tafiyarta na rasa abin da zan ce mata, sai na shiga kicin. Rumaisa ba ta son alkaki ko nakiya, wai zaƙi ya yi yawa, ot, hatsin Turawan nan na gwangwani, take sha da safe. Shi na soya sama-sama a madadin alkama. Na zuba gyaɗa da yazawa da zabibi, na cuɗa da dabino da zuma, na danne a tire na sa a obin. Har na rufe, sai na sake buɗewa. Na ɗauki dabino guda da ƙwallonsa na cusa a ciki, na shafe wurin. Tana ƙarama na taɓa yi mata tatsuniyar, ban sani ba ko ta riƙe.

Ta karɓi robar ta ce, "An gode, Umma." Shi ke nan. Da ta sauka, babanta ta kira. Ni sai saƙon gaisuwa ta bakinsa. Kullum na idar da sallah sai in duba wayata, in kife ta.

Wata ranar Alhamis da la'asar ina tankaɗe, wayar ta yi ƙara.

"Umma! Kin kusa raba ni da haƙori!"

Na ajiye rariyar. "Wa ya ce ki ci da gaggawa?"

"Yunwa nake ji, daga aji na fito." Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Can ta ce, "Umma, wai a ƙarshe ya same ta da rai, ko?"

"Ya same ta."

"Na sa ƙwallon a gwangwanin madara da ƙasa, yana kan taga. Yana daɗewa kafin ya tsiro?"

"Yana daɗewa. Ki dai riƙa ba shi ruwa."

Ranar muka yi hira har katinta ya ƙare, na sake kiranta da nawa.

Sai yanzu nake tuna cewa Inna ba ta taɓa raka Baba ko zaure ba. Tana zaune a tabarmarta yake fita, carbinta a hannu, ba ta ko ɗaga kai. Da ina ɗauka taurin zuciya ne. Ashe ta riga ta gama faɗin abin da za ta faɗa tun a faranti. Uwa ba ta da ikon tsare hanya, kuma ba kowace magana ce take iya fitowa ta baki ba. Abin da ya rage mata shi ne ta ɓoye wani abu mai tauri a cikin zaƙin, ta bar wa Allah sauran.

Jiya Rumaisa ta turo mini hoto. Wani ɗan siririn kore ne, bai kai tsawon yatsa ba, ya fasa ƙasa a cikin gwangwanin madara.